Ƙwaya Ɗari a Kan Jiƙaƙƙen Buhu

Idan bazara ta kusa ƙarewa, hadari ya fara haɗuwa ta gabas da la'asar yana watsewa ba ko ɗigo, akwai wani gida a Gwadangaji da manoma ke yi wa sallama da ƙullin shinkafa a aljihu. Ba sayarwa suka zo yi ba. Kowa zai miƙa ƙullinsa a bakin zaure, ya faɗi sunansa da garinsu, a ce masa ya dawo bayan kwana biyar. Matar da ke karɓa sunanta Ummu Hani. Shekarunta ashirin da uku, sana'arta gumi, wato jiƙa shanshera, ɗanyar shinkafa mai ɓawo, a ruwan zafi, a turara ta, a shanya, kafin a kai inji a cire mata ɓawo. A wurin mahaifiyarta ta koya. Amma abin da aka fi saninta da shi, daga Zauro har Gulma, shi ne tana iya gaya wa manomi ko irin da ya ajiye yana da rai tun bai watsa shi a gona ba. Ba ta karanta aikin gona a ko'ina ba. Yadda abin ya samo asali kuwa, duk wanda ya tambaye ta takan faɗa ba ɓoye-ɓoye, har da ɓangaren da bai yi mata kyau ba.

Tun tana ƙarama aka san ta da tambaya. Me ya sa ake kwashe shinkafar da ta taso saman ruwa a zubar? Me ya sa ɓawo ke tsagewa in tururi ya buge shi? Me ya sa maƙwabciyarsu Dupe, wadda unguwa ke kira Maman Ibukun, sai ta ciji ƙwaya da haƙorin gaba kafin ta ce komai game da shinkafa? Mahaifiyarta, Inna Khadijatu, amsa ɗaya gare ta: hakanan muka iske. Mai amsa mata shi ne yayanta Riskuwa. Wani lokaci ya sani, wani lokaci ya ƙirƙira, kuma ba ta taɓa iya bambancewa ba, domin fuskarsa ɗaya ce a duka biyun. Shi ne ya gaya mata wai shinkafar da ke tasowa saman ruwa malalaciya ce, ba ta ci komai a gona ba.

Riskuwa shi ne ɗan fari, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, saboda alkunya. In tana magana da shi, kai. In tana maganarsa, wancan. Shi ke kwance bakin buhu, shi ke awo, shi ke cika duro da ruwa ya hura wuta da ɓuntun shinkafa. Yana da shekara goma sha biyar zazzaɓi ya kama shi a tsakiyar damina, ya yi kwana uku, a na huɗu aka kai shi makwancinsa. Mahaifinsu, wanda ke gadin wata makaranta a Argungu yana zuwa gida ƙarshen wata, ya zo ya yi mako guda ya koma. Inna ta ci gaba da gumi bayan sadakar bakwai, domin akwai shinkafar mutane a ɗaki.

Ba wanda ya ce wa Ummu Hani ta karɓi aikin yayanta. Wata safiya dai ta ga duro ba ruwa, ta ɗauki bokiti. Tana da shekara goma sha biyu a lokacin. Inna kuwa ta ci gaba da ba da umarni yadda ta saba ba shi, a gajarce, kamar mai magana da wanda ya riga ya sani. Jiƙa rabi. Rage wuta. Juya shanya. Da Riskuwa wannan ya isa. Ummu Hani ta riƙa cike sauran da ido da zato, kuma ta rage tambaya, domin ta lura duk tambayar da ta shafi aikin duro tana sa Inna ta yi shiru na ɗan lokaci kafin ta amsa.

A bazarar da ta biyo, Kawu Hodi, yayan Inna, ya kawo buhu huɗu daga Zauro a bayan keke mai ƙafa uku. Gonarsa tana can ƙasan fadama, inda ruwan Rima ke kai wa mutum wuya a watan takwas. Shinkafar zamani ba ta rayuwa a wurin. Abin da ke yi sai tsohuwar jar shinkafa mai bin ruwa, wadda ake watsawa da ruwan farko, in ambaliya ta zo ta riƙa tsawo tare da ita. Maƙwabtansa duk sun koma noman rani da injin ban-ruwa, irin nan ya ɓace a kasuwa. Na hannunsa daga mahaifinsa ya gada, kuma kowace kaka yakan riga masu yanka shiga gona da 'yar wuƙa, ya bi yana zaɓen zangarniyar da ta fi cika ɗaya bayan ɗaya, ya sussuke ta daban. A shekarar ambaliya ta cinye gindin rumbunsa, bai gama gyara ba, ɓeraye kuma sun gane hanya. Shi ya sa ya kawo wa ƙanwarsa buhu uku ta yi masa gumi, abincin gidansa na damina, da buhu ɗaya na iri ta ajiye masa har ruwa ya sauka.

Ummu Hani tana makaranta sa'ad da ya zo. Da ta dawo ta iske buhuna huɗu a jere kan katako a ɗakin ajiya, iri ɗaya, ɗinki ɗaya. Bambanci guda ne: na bakin ƙofa an ɗaure masa 'yar zangarniyar shinkafa a wuya. Duk wanda ya tashi a gidan noma a fadamar nan ya san ma'anar wannan. Ita a gari ta tashi, gidan gumi, inda buhu ke shigowa don a dafa shi.

Ranar Asabar Inna ta shirya za ta Argungu sunan jaririn ƙanwar mijinta, sai Litinin da safe za ta dawo. Tana ɗaura mayafi ta ce Ummu Hani ta kwana wurin Maman Ibukun, kuma ranar Lahadi da la'asar ta jiƙa rabin buhu daga na Kawu, in ta dawo ta turara. Shi ke nan abin da ta faɗa.

Karo na farko ke nan da aka bar mata duro ita kaɗai. Tana jin ƙarar keken da ya ɗauki Inna ta ɓace, sai wani tunani ya zo mata. In ta jiƙa yau maimakon gobe, gobe da safe sai ta gwada turarawa da kanta, ta ga da idonta lokacin da ɓawon ke tsagewa, abin da kullum ake korarta daga kai saboda tururi. Inna ta dawo ta iske shinkafa a shanye. Ta shiga ɗakin ajiya ta tsaya gaban buhunan. Wanne za ta fara? Ga ɗaya an yi masa alama, kuma shi ne mafi kusa da ƙofa. Ta ce a ranta, ashe Inna ta nuna mini. Ta kwance zangarniyar ta soke a ɗankwalinta don ta yi mata kyau, ta auni kwano ashirin, ta wanke, ta kwashe holoƙon da ya taso. Har ta yi mamakin ƙarancinsa, domin ba ta taɓa ganin shinkafar da kusan duk ta nutse haka ba. Ta ɗora ruwa, ta jira har ya kai zafin da yatsa ba ya iya zama a ciki, yadda ta ga ana yi, ta janye wuta ta juye shinkafar ta rufe da buhu. Azahar ba ta yi ba ta gama.

Bayan la'asar Maman Ibukun ta leƙo ta ga ko yarinyar ta ci abinci. Ita a Birnin Kebbi aka haife ta, iyayenta suka zo daga kudu da fataucin goro, ta shekara talatin tana sayen shinkafa tana aikawa Ibadan, kuma Hausar bakinta ta Kabawa ce tsantsa. Tana shigowa idonta ya faɗa kan ɗankwalin.

"Ke ɗiyar Khadijatu, amarya kika zama? Ina kika samo wagga?"

Ummu Hani ta ce a wuyan buhu ta gani.

"To tahi ki mai da ta inda kika ɗauko tun ba ki manta buhun ba. Wagga ba ado ba ce, alamar iri ce. Buhun da ka gani da zangarniya, ko yunwa za ta kashe ka ba ka taɓa shi. Ni Bayarabiya in koya miki wanga? Kunya dai."

Ta yi dariya, ta ajiye mata kwanon dafa-duka, ta fita. Ba ta kalli duron da ke rufe a bayan ɗaki ba, ko ta kalla ma, duro a rufe a gidan gumi ba abin tambaya ba ne.

Ummu Hani ta daɗe a tsaye da zangarniyar a hannu. Sannan ta ruga ta yaye buhun da ta rufe duron. Ruwan yana nan da ɗumi, ya yi ja. Ta kawo kwando ta riƙa kwasowa tana tsanewa, ta baza a kan tabarmi cikin ɗaki. Washegari Lahadi, Maman Ibukun ta tafi coci da iyalinta, ba za su dawo ba sai bayan azahar. Ummu Hani ta fitar da shinkafar ta shanya a tsakar gida. Ranar bazara ba ta wasa, kafin la'asar ƙwayar ta bushe ƙayau. Ta ɗebo a tafin hannu ta kwatanta da wadda ta rage a buhu. Launi ɗaya, girma ɗaya. Ta ciza, ta ji ƙas, kamar ta Maman Ibukun. Sai ta juye ta cikin buhun, ta sa hannu har kafaɗa ta gauraya ta da sauran don kada wani ya ga sama ta bambanta da ƙasa, ta ɗinke, ta mayar da zangarniyar wuyansa. Daga nan ta kwance wani buhun ta jiƙa rabi, kamar yadda aka ce mata tun farko.

Inna ta dawo Litinin da sassafe, ta ɗaga murfin duro, ta ɗebo ta murza, ta ce madalla. Ummu Hani ba ta tuna ranar da Inna ta ce mata madalla a kan aikin duro kafin wannan ba. Ta tafi makaranta kalmar tana mata nauyi a rai.

A hanya ta riƙa ba kanta hujja. Ai ba a turara ba, jiƙawa kawai aka yi, kuma ko yini ba ta yi a ruwan ba. Ai ruwan sama ma yana jiƙa iri. Amma akwai wani abu da ta daɗe da lura da shi, tun Riskuwa na da rai. A gindin randa, inda ake wanke ɗanyar shanshera, kullum damshi ya samu sai ka ga 'yan tsirrai kore sun fito. A bakin wurin shanya kuwa, inda dafaffiya ke zuba kowace rana, ko a tsakiyar damina ba ta taɓa ganin tsiro ko ɗaya ba. Ta taɓa tambayarsa, ya ce wadda aka dafa ta riga ta yi fushi. To a ina fushin ke farawa, a ruwan zafi ko a tururi? Wannan ba ta sani ba, kuma ba wanda za ta tambaya ba tare da ta tona kanta ba.

Da ta dawo, Inna na sallar azahar, ta yanko tsumma uku daga wani tsohon buhun algarara ta jiƙa su. Ta ƙirga ƙwaya ɗari daga buhun iri ta jera a kan na farko, goma-goma, layi goma. Ta ƙirga ɗari daga buhun da ba a taɓa ba ta jera a na biyu. A na uku ta sa ɗari daga wadda Inna ta turara da safe. Ba wanda ya koya mata sa na biyu da na uku. Ta dai ga cewa in ta sa ɗaya kawai bai fito ba, ba za ta san ko laifin irin ne ko na tsumman ba. Ta naɗe kowanne kamar tabarma, ta ɗaure na iri da jan zare, ta tura su bayan randa. Safe da yamma takan yi kamar za ta sha ruwa ta yayyafa musu.

Aiki kuwa bai tsaya jiranta ba. Rabin buhu duron yake ci, kuma kowace la'asar sai an jiƙa. Litinin aka ƙarasa buhun farko. Talata aka buɗe na biyu. Laraba aka huta don an kai na farko inji. Alhamis aka juye sauran na biyu. Ita ce mai awo, don haka da hannunta take zuba shinkafar Kawu a ruwan zafi kwano bayan kwano. Ranar Laraba ne, tana zaune a bakin inji tana jiran layi, lissafin ya fito mata sarai. In irin nan ya mutu, shinkafa mai rai irin ta Kawu da za ta rage a duniya bayan jiƙon gobe ita ce ta buhun ƙarshe. Ba zaɓaɓɓiya ba ce, amma daga gonarsa take, za ta bi ruwa. In aka jiƙa shi, shi ke nan. Kawu zai watsa irinsa da ruwan farko, ya jira mako biyu, ya ga gona ta fito da gibi, a lokacin kuma ba shi da abin sakewa, ambaliya tana tafe. Za a ce tsuntsaye ne, ko ƙasa, ko ƙaddara. Ba wanda zai ce ita ce. Buhun ƙarshe kuwa ranar Juma'a za a buɗe shi.

Ranar Alhamis da safe ta buɗe tsummokaran a gurguje. Na biyu ya yi fari da 'yan saiwoyi kamar an barbaɗa zare. Na uku yana nan yadda ta jera shi, har ya fara wari. Na jan zare ya fito, amma nan da can. Ta ce wa kanta zaɓaɓɓen iri ne, manya ba sa riga kowa zuwa taro. Ta naɗe ta ƙara ruwa.

Juma'a ana tashi makaranta da wuri. Ta iske Inna ta tafi gidan da ake sayen ɓuntu, ta fito da tsummokaran fili ta ƙirga da tsinke. Na buhun da ba a taɓa ba, casa'in da uku. Na dafaffiya, babu. Na iri, arba'in da huɗu. Ta sake ƙirgawa daga ƙasa zuwa sama, ta sake daga gefe. Arba'in da huɗu. Waɗanda ba su fito ba ta matsa ɗaya da farce, ta fashe, cikinta ya yi laushi kamar kunu. Yanzu ta sami amsar tambayarta: tun a ruwan zafi abin ke ƙarewa. Ta yi mamakin yadda, duk da tsoron da ke cikinta, wani ɓangare nata ya ji daɗin sanin.

Da la'asar Inna ta hura wuta, ruwa ya fara ƙara a duro. Ba ta waiwayo ba ta ce, buɗe na ƙarshen. Ummu Hani ta shiga ɗakin ajiya da wuƙar kwance ɗinki, ta tsaya gaban buhun, ta ajiye wuƙar a kansa. Ta fito ta nufi bayan randa, ta kwaso tsummokaran uku ta shimfiɗa su a ƙasa gaban Inna. Sannan ta faɗi komai, tun daga ranar Asabar, a jere, ba ta tsallake gaurayawar ba.

Inna ta saurara har ƙarshe. Abu na farko da ta yi, ta sunkuya ta janye itacen da ke ƙarƙashin duro ta yayyafa masa ruwa. Sannan ta jawo kujera 'yar tsugunne ta zauna, ta daɗe tana kallon tsirran.

"Wa ya hwaɗa miki zangarniya alamar iri ce?"

"Maman Ibukun. Bayan na riga na zuba."

"Ni ya kamata in hwaɗa miki. Wancan ya sani. Sai na riƙa yi kamar..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta gyara ɗaurin zanenta, ta share fuska da gefen mayafi sau ɗaya, kamar mai share gumi. Da ta sake magana muryarta ta koma yadda take kullum. Ta ce zubawar da Ummu Hani ta yi kuskure ne, kuma rabinsa nata ne ita Inna. Amma mayarwa cikin buhu da gaurayawa ba kuskure ba ne, wannan da saninta ta yi, kuma shi ya ɓata rabin da ya tsira daga duro, domin yanzu ba mai iya raba mai rai da matacciya. Gobe za su Zauro, kuma da bakinta za ta gaya wa Kawunta.

Sun iske Kawu Hodi a bayan gida yana yaɓen gindin rumbu, laka har gwiwar hannu. Aka gaisa, aka tambayi mutanen Argungu da mai jego, Inna ta ce yarinya ce ke da magana. Ummu Hani ta durƙusa ta maimaita. A wannan karon ya fi wuya, domin Kawu mutum ne mai barkwanci, kullum in ya gan ta sai ya ce ga alƙaliya mai tambaya ta zo, yanzu kuwa tana magana fuskarsa tana rufewa. Da ta gama bai dube ta ba. Ya dubi ƙanwarsa ya ce shekara talatin yana zaɓen irin nan, ambaliya ba ta ci shi ba, ɓera bai ci shi ba. Ya koma ya ci gaba da yaɓe. Suka zauna a rana suna jiransa, har Ummu Hani ta fara jin da dukanta ya yi da ya fi sauƙi.

Can ya wanke hannu ya ce mene ne wannan da ta ƙunso a leda. Ta buɗe masa tsummokaran. Ya tsuguna. Ya tambayi wanne ne wanne, ya tambayi me ya sa uku, ta gaya masa. Ya karɓi tsinken ya ƙirga na jan zare da kansa, a hankali, leɓensa na motsi. Ya ce mahaifinsu yakan watsa ɗan iri a gindin randa kafin damina ya ga ko zai fito, amma bai taɓa ganin wanda ya jera ya ƙirga ba. Ya ƙirga na biyun ma. Ya ɗaga wata saiwa da tsinke ya duba tsawonta.

"Wato kin dahe mini iri, sannan kin biyo ni da lissahi."

Ummu Hani ta sunkuyar da kai.

"To alƙaliya, tunda ke kika ɓata, mi za a yi?"

Ta ce, a hankali, tunda ƙasa da rabi ke da rai, in aka watsa shi ninki biyu zai rufe rabin gonar. Sauran rabin a sa na buhun da ba a jiƙa ba. Kawu ya ce wannan ya san shi tun ba a haifi uwarta ba. Amma haka ɗin aka yi.

Abin bai tafi a banza ba. Buhun da ya koma iri abincin gidan Kawu ne, don haka a daminar nan tuwonsu ya ƙare tun kafin sabuwa ta nuna, sai da Inna ta riƙa aika musu daga nata, su ma a Gwadangaji aka rage hannu. Rabin gonar da aka sa wa irin da ba zaɓaɓɓe ba ya fito da tsayi daban-daban, wani ya nuna wani bai nuna ba. Kawu bai ce a biya shi komai ba. Abin da ya ce, in kaka ta yi a turo masa yarinyar. Ya ba ta 'yar wuƙa irin tasa, ya shiga gaba tana biye cikin taɓo, yana nuna mata zangarniyar da ake ɗauka da wadda ake wucewa, mai kyan gani amma cikinta holoƙo. A nan ta sami wanda ba ya gajiya da tambaya, ko da yake rabin amsoshinsa zolaya ce. Kaka uku ta yi tana zuwa kafin ya ce irin ya koma yadda yake.

Shi ne kuma ya yaɗa labarin, domin bai iya riƙe abin dariya ba ko da a kansa ya faru. A bazara ta biyu wani maƙwabcinsa, Maigandi, da ya sayi iri a kasuwa bai yarda da shi ba, ya aiko da ƙulli a gwada masa. Ashirin da bakwai suka fito. Daga nan ƙulli ya riƙa zuwa, na shinkafa, na gero, har da irin albasa, wanda ƙanƙantarsa ta sa sai da allura take jera shi.

Yanzu Inna Khadijatu ta bar wa Ummu Hani duro, gwiwa ta hana ta tsayuwa, sai dai ta zauna a inuwa tana juya shanya da dogon itace. 'Yan matan unguwa biyu ke taya aiki, kuma duk wadda ta zo, ranar farko kafin ta taɓa bokiti, Ummu Hani takan kai ta ɗakin ajiya ta nuna mata busasshiyar zangarniya da ke rataye a ƙusa ta gaya mata ma'anarta. In yarinya ta ce ai ta sani, takan ce to ji kuma.

Kawu Hodi ya tsufa, 'ya'yansa ke shiga fadama, amma ƙullinsa ne na farko da ke isowa kowace bazara. Da kansa yake kawowa, ya tsaya a zaure ya ɗaga murya yadda duk gidan zai ji, ya ce a duba masa ko an dafa. Bana ya dawo ranar da aka ce masa, Ummu Hani ta fito da tsumman ta shimfiɗa a gabansa, ta miƙa masa tsinke. Idonsa ba ya gani sosai yanzu, sai da ya kai fuskarsa kusa. Ya ƙirga waɗanda ba su fito ba, don sun fi sauƙin ƙirga. Huɗu ne.